Autan Saje Dabo Ya Tafi Zariya

HURE: Salamu alaikum. Halo? Wa ke magana?

ABDULRASHID: Wa alaikumus salam. Yaya Hure, ni ne.

HURE: Wa? Ɗaga murya, iska nake ji kawai.

ABDULRASHID: Abdulrashid ne, ƙaninki!

HURE: La ilaha illallahu! Audu! Kai ne? Wannan wace lamba ce kuma?

ABDULRASHID: Ta wani abokin aikina ce, tawa ta faɗa ruwa. Ina wuni, Yaya?

HURE: Lafiya lau. Ya aiki? Ya daji?

ABDULRASHID: Da godiya. Ya gida, ya yara? Ya maigidan?

HURE: Duk lafiya, ya tafi Dawanau kai wake. Ya jikinka? Ka ji muryarka kuwa, kamar ta wanda bai yi barci ba.

ABDULRASHID: Gajiya ce kawai. Ya damina?

HURE: Alhamdu lillahi, ruwa ya yi gyara. Kuna ina yanzu? Har yanzu can wajen tafkin?

ABDULRASHID: Yaya, kin san ba a faɗa a waya.

HURE: To, to, na yi shiru. Allah ya tsare.

ABDULRASHID: Amin. A kan mota nake tsaye ma, nan kaɗai ake samun sabis. In kin ji ya yanke, ba ni na kashe ba. Ya Inna?

HURE: Tana nan. Ai a gidan nake yanzu, na zo na taya ta surfe. Ta ɗan kishingiɗa, kanta ke ciwo.

ABDULRASHID: Kar ki tashe ta. Baba fa? Ya ƙafar?

HURE: Ka san ƙafar Baba da damina. Da hadari ya haɗo sai ta fara. Ya ce ƙarfen da aka bar masa a ƙafar tun yaƙin Laberiya ya fi rediyo sanin ranar ruwa. Ya fita masallaci, yanzu za a idar da la'asar.

ABDULRASHID: Allah ya ƙara sauƙi. Gonar bakin rafi fa, an yi mata maimai?

HURE: An yi me?

ABDULRASHID: Maimai! Noma na biyu!

HURE: Au, an yi. Kai, da ka ga abin dariya da ban tausayi. Abokan Baba ne suka yi mana gayya, tsofaffin sojojin nan da suke zama a gindin darbejiya ranar kasuwa. Wani har daga Tsanyawa ya hawo mota da fartanyarsa. Suka jeru a bakin gona, Baba ya ba su oda kamar a fareti, suka saɓa fartanya a kafaɗa.

ABDULRASHID: Su Baba! Da waɗancan gwiwoyin?

HURE: Ai kunya ɗaya suka kai ƙarshe, kowa ya dafe ƙugu. Samarin gari da suka gani, kunya ta kama su, suka shigo suka karɓe. Kafin azahar an gama. Ni na yi musu tuwo da kunu. Suka ce gonar gidan soja ba za ta yi ciyawa ba suna raye, tunda yanzu ba kowa a gidan.

ABDULRASHID: Allah ya saka musu. Amma kamar yaya ba kowa? Basiru fa? Ƙato kamarsa yana ina tsofaffi ke noma?

HURE: Basiru... e to. Halo? Ba na jin ka sosai.

ABDULRASHID: Kina ji na, Yaya. Ina Basiru?

HURE: Ya yi tafiya.

ABDULRASHID: Bici? An fara karatun ne?

HURE: Ba Bici ba.

ABDULRASHID: To ina?

HURE: Audu, wallahi cewa aka yi kar a faɗa maka sai ka zo hutu. Bakina ne ya suɓuce.

ABDULRASHID: Ina ya tafi?

HURE: Zariya.

ABDULRASHID: Zariya wajen wa?

HURE: Wajen horo. Sunansa ya fito. An ɗauke shi soja.

ABDULRASHID: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

HURE: Haba, Audu, sai ka ce mutuwa aka yi.

ABDULRASHID: Yaushe?

HURE: Tun farkon damina, bayan an gama shuka.

ABDULRASHID: Tun shuka! Kuma na yi waya bayan nan, Baba ya ce mini ya aike shi kasuwa.

HURE: Ba a so hankalinka ya rabu, kana inda kake.

ABDULRASHID: Yaron nan, zuwana na ƙarshe na zaunar da shi a zaure. Na ce Basiru, ka yi kwalejin nan ta Bici, ka zama malami, ka zauna kusa da su Inna. Mutum ɗaya daga gida ya isa. Ya ce mini to, Yaya. Ya kalli idona ya ce to.

HURE: Ashe a lokacin ya riga ya cike komai ta waya. Mu ma ba mu sani ba.

ABDULRASHID: Baba ne. Na san Baba ne. Tun yana rarrafe ake ɗora masa hular sojan nan a ka, ana ba shi labarin Laberiya.

HURE: Kai ma ai haka aka yi maka.

ABDULRASHID: Shi ya sa na san yadda abin yake shiga jiki.

HURE: To ka daina son aikin ne?

ABDULRASHID: Ban ce ba. Kar ki sa mini magana a baki. Wallahi, Yaya, akwai ƙauyen da muka shiga, mutanensa sun yi shekaru ba su yi shuka ba. Bana sun shuka, muna gadi suna noma. Wata tsohuwa ta kawo mana ɗanyar kuɓewa a bakin zani, ta ce ita ce ta farko da ta tsinka. Ranar nan ko sarauta aka ba ni ba zan musanya da kakin nan ba. Amma na gaji. Kin gane? Ina alfahari da shi kuma na gaji. Ba na son Inna ta riƙa raba addu'arta gida biyu.

HURE: Ai ta riga ta raba. Ranar tafiyarsa ita ta daka masa dakuwa, ta soya ƙuliƙuli, ta ƙulle masa a leda. Amma ko zaure ba ta rako shi ba. Ta ce mini, Hure, na yi zaman jiran miji da ƙuruciyata, na yi na ɗa, yanzu ga na auta. Ta ce ta gaji da kasa kunne a rediyo.

ABDULRASHID: Kin ji ko.

HURE: Amma jiya-jiyan nan wata a gidan suna ta ce ita kam ba za ta ba da ɗanta soja ba ko za a yanka ta. Inna ta juyo ta ce, to ki gode wa waɗanda suka bayar, shi ya sa kike barci da ƙofa a buɗe.

ABDULRASHID: Inna ke nan.

HURE: Halo? Kana nan?

ABDULRASHID: Ina nan. Yaya, Sha'aban ya tafi.

HURE: Wane Sha'aban kuma? Ai Sha'aban ya daɗe da wucewa, an yi azumi, har babbar salla an yi. Kai ko kwanan wata ya ɓace muku a dajin?

ABDULRASHID: Ba watan ba. Sha'aban abokina. Ɗan Bici. Wanda na zo da shi gida.

HURE: Dogon nan mai wushirya? Wanda ya ce miyar kukata ta fi ta babarsa, ya ce kar in faɗa mata?

ABDULRASHID: Shi.

HURE: Ya tafi ina? An canja masa wuri?

ABDULRASHID: Ya rasu, Yaya.

HURE: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo Allah! Yaushe?

ABDULRASHID: Satin da ya wuce. Muna rakiyar manoma, motarsu ce a gaba, ta taka abin da aka binne a hanya. Ni na ɗauko shi. Bai daɗe ba. Ya samu yin shahada, ina riƙe da shi.

HURE: Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta. Kai fa? Faɗa mini gaskiya, ka ji ciwo?

ABDULRASHID: Kunnena na hagu ne kawai yake ƙara. Likita ya ce zai daina. Dama abin da ya sa na kira ke nan, ba don in yi faɗa ba. Sai kuma ga wannan labarin a kai.

HURE: Ka yi haƙuri, Audu. Da na sani da na kama bakina.

ABDULRASHID: Gara da kika faɗa. An sanar da gidansu, oga ya tura mutane. Amma ni ba zan samu zuwa ba yanzu. Ina so ki je Bici ki yi wa babarsa gaisuwa a madadina. Hajiya Luba sunanta, bayan tashar mota, kowa ya san gidan. Ki ce mata bai wahala ba. Ki ce mata da alwalarsa.

HURE: Gobe in Allah ya kai mu zan shiga motar farko. Zan tafi mata da gero da man gyaɗa.

ABDULRASHID: Ki tafi da Baba.

HURE: Baban da kake jin haushi?

ABDULRASHID: Jin haushi daban. Shi ya san abin da ake faɗa a irin wannan gidan. Ya sha yi.

HURE: Ai ko ban ce ba, da ya ji zai ɗauko hularsa, ya tattaro 'yan gindin darbejiya. Kuma in tana da gona, ka san sauran.

ABDULRASHID: Tana da ita. Sha'aban ne yake turo kuɗi a nome mata.

HURE: To an gama. Audu, bari in faɗa maka wani abu, don kar ka ɗauki alhakin tsohon nan. Ba shi ya tura Basiru ba.

ABDULRASHID: Haba, Yaya.

HURE: Wallahi ina tsakar gida, da kunnena na ji. Da sunan ya fito, Baba ya kira shi ɗaki. Ya naɗe wando ya nuna masa ƙafar, wadda ko mu ba ya bari mu gani. Ya lissafa masa abokansa da aka baro a can, har da wanda aka sa wa Basirun sunansa. Ya ce ga abin da ba na faɗa a gindin bishiya. Ya ce ka zauna, ɗan'uwanka ya wakilce mu.

ABDULRASHID: Baba ya ce haka?

HURE: Ya ce. Basiru ya ce, Baba, in kowa ya ce ɗan'uwansa ya wakilce shi, wa zai je ya karɓi Yaya Audu ya huta?

ABDULRASHID: Yaron banza. Ji wata magana.

HURE: Kuka kake yi?

ABDULRASHID: Iska ce. Sai Baba ya yi me?

HURE: Da gari ya waye shi ya yi masa aski da hannunsa. Ya saka hularsa da lambobinsa, ya raka shi tashar mota da sandarsa, yana ɗingishi, ya ƙi hawa babur. A gaban mutane ya sara masa, kamar wani babban hafsa. Da na tambaye shi daga baya, ya ce tunda ya kasa hana shi, ba zai bari ya tafi yana waige ba. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

ABDULRASHID: Hm.

HURE: To ka ji.

ABDULRASHID: Ana barin su yin waya?

HURE: Ba sosai ba. Sau ɗaya ya kira, ya ce ƙafarsa duk ta yi bororo, kuma an aske ɗan gashin da Baba ya rage.

ABDULRASHID: In ya sake kira ki ce in ji ni, ya riƙa wanke safa kullum, ya shanya ƙafa, ya shafa man kaɗanya. Kar ya yi gardama da kofur ko da shi ke da gaskiya. Kar ya yi wasa da salla. Kuma kar ya kuskura ya gudo. Tunda ya shiga, ya gama. Gidanmu ba a taɓa gudowa ba.

HURE: In ce kana fushi ko ba ka yi?

ABDULRASHID: Ki ce ina yi. Ki ce ranar da za a yaye su, in ina da rai zan nemi hutu in zo, in ja kunnensa a gaban abokansa, sannan in gyara masa hula.

HURE: Allah ya nuna mana. Tsaya, ga ƙarar sanda nan a zaure, Baba ya dawo. Baba! Baba, yi sauri, Audu ne!

ABDULRASHID: Yaya, katin ya kusa ƙarewa, muryar matar kamfanin waya ta yi gargaɗi tun ɗazu. In ya yanke ki ce masa na ji komai. Ki ce masa ban san ya...

HURE: Ga shi nan, faɗa masa da bakinka. Karɓi, Baba, a kunnen dama.

BABA: Salamu alaikum. Kofur? Kofur Abdulrashid, Saje ne. Ina jin ka, ɗana, yi magana. Halo? Hure, zo ki duba mini abin nan, ba ya cewa komai.