Ɓauren Bakin Gona

A tashar motar Tarudant, tsoho Lahusin, mai gadin shaguna a Agadir, ya matsa wa wani saurayi a kan benci. Saurayin na rungume da karyayyiyar farfela.

"Ɗana, fankar wa ka kashe?"

"Ta jirgina ce, Baba, ƙaramin nan mai fukafukin tanti. Jiya injin ya mutu mini a saman Tizgi."

"Tizgi? Can ai duk dutse ne da kwazazzabo. Ina ka samu wurin sauka?"

"Allah ya haɗa ni da gonar wani malalaci a bayan masallaci. Ta yi shekara da shekaru ba ta ga garma ba, ta daskare kamar kwalta. Babu kunya ko ɗaya da za ta kifar da ni."

"Babu kunya kam," in ji tsohon a hankali. "Amma wataƙila ba lalaci ba ne. Wataƙila rijiyarsa ce ta ƙafe."

"Ka san mutumin ne?"

"Akwai ɓaure ta gabas, jikin katangar dutse?"

"Ai shi ya tare ni! Shi ya ci farfelar nan."

Lahusin ya karɓi farfelar, ya shafa koren tabon da ke bakinta, ya kai hanci. Direba na ta kiran Agadir, saura mutum ɗaya, amma tsohon bai tashi ba.

"Ɗana, da ka buge shi, ka lura? Ya yi 'ya'ya bana?"