Na Ce Ba Mu Rasa Komai Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale, manomi daga Rogo Ruma.

Bara masu bincike suka zo garinmu, wai suna kwatanta yadda ƙasashe ke kula da tsofaffi. Suka tambaye ni halin da mahaifiyata ke ciki, shekara uku ba ta takawa. A gaban surukina fa! Me zan ce? Na ce alhamdulillahi, ba mu rasa komai ba. Haka suka rubuta.

Yanzu an kawo kekunan guragu Karaye, amma an ce takardar masu binciken ta nuna ba ma buƙata. Har yau goya Inna nake yi zuwa asibiti.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ta yaya mutum zai janye alhamdulillahi?