Safar Waliyyi a Injin Wanki

Nuala: Dervla? Kina ji na?

Dervla: Ina ji, Mama. Ina wuni? Ya jikin Kaka?

Nuala: Da sauƙi, ta ci dankali ta kwanta. Ya yaran? Ya ruwa a wajenku?

Dervla: Tun safe ake zubawa.

Nuala: Nan ma. Ya ƙaninki? Yana cin abinci kuwa?

Dervla: Cathal lafiya lau. Gobe da safe za su shiga da shi aikin zuciyar.

Nuala: Ai shi ya hana ni sukuni. Philomena, mai ajiyar kayan coci, ta kawo saƙona?

Dervla: Wane saƙo?

Nuala: Safar hannun Waliyyi Pio! Sai da na yi ta roƙo kafin layi ya zo kanmu. Ki shafa masa a ƙirji kafin a shiga da shi.

Dervla: Au, wannan tsumman? Na wanke.

Nuala: Layin na yankewa. Kin me?

Dervla: Na wanke, na ce!

Nuala: Yesu, Maryamu da Yusufu! Da me?

Dervla: A inji mana. Mama, kin kuwa shinshina ta? Ta yi baƙi ƙirin, duk tabo, sai tsami take yi.

Nuala: Tabo? Jinin waliyyi kike ce wa tabo? Bawan Allah ya yi shekara da shekaru tafin hannunsa na zubar da jini irin na Almasihu, ke kin zuba masa omo!

Dervla: Ta zaga ƙirjin majinyatan yankin Mayo kaf, wannan ya yi tari a kai, wancan ya sumbata. Ita zan ɗora wa wanda za a tsaga?

Nuala: Tir! Karatun nan naki bai amfane ki da komai ba. Mijin Philomena likitoci sun cire rai da shi, aka shafa masa, ga shi can yana shan giyarsa.

Dervla: Haba Mama, ai tana nan. Sai dai ta ɗan shige.

Nuala: Ta shige kamar yaya?

Dervla: Ulu ce, ruwan kuma da zafi. Yanzu sai dai hannun jariri.

Nuala: Wayyo ni Nuala! Jibi za a kai wa wata yarinya mai ciwon ƙoda. Da wane ido zan shiga coci? Shi kuma ɗana ya shiga hannun masu wuƙa ba komai a jikinsa!

Dervla: Likitocin nan sun san aikinsu.

Nuala: Rufe min baki. Albarkar duk ta bi ruwa ta tafi kwata. Tsaya. Ita kaɗai kika sa a injin?

Dervla: A'a, na haɗa da kayan barcin da zai sa a asibiti.

Nuala: Ruwa ɗaya suka sha?

Dervla: E mana.

Nuala: To kar ki kuskura ki sake ɗauraye su! Ko guga kar ki yi. Ki sa masa yau, ya kwana a ciki.

Dervla: Sai bargon kare, shi ma yana ciki.

Nuala: Bargon wa? Dervla!

Dervla: Mama, ana buga ƙofa. Kai, Philomena ce.

Nuala: Kar ki buɗe! Ki ce ba kya n—