Kurkunu a Ƙafar Auta

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Bulus baduku, mai gyangyaɗin nan na bencin baya. Karatuna bai wuce haɗa baƙi ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Bara aka zo ɗaukar 'yan sanda, autana Ishaya ya je gwaji. Tsawo ya kai, gudu ya yi, amma da saje ya zagaya masa igiyar awo a ƙirji sai ya girgiza kai, ya ce ya je ya ci tuwo ya dawo baɗi. Muka koma gida kamar an yi mana rasuwa. Idona ya dushe, ba na ganin inda basilla take shiga a fata. Dangina na unguwar Kwarbai kuwa, tun da na bi Almasihu na koma wajen Kufena, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Gidan duka Auta muke kallo.

Sai na naɗa kaina mai horo. Ni da ko jaki na hau sai na yi haki! Kullum da safe in ɗora masa garwa biyu a sanda, ya ɗebo ruwa daga wani kududdufi can wajen Ƙofar Jatau, ya kawo gida da sassarfa. In ya ce ƙishi, in ce ga ruwa nan a gabansa, ɗan sanda ba ya zaɓen ruwa. Ya duƙa ya sha. Ƙirji fa ya buɗe, rigarsa ta daina shiga, ni kuma ina ta cika baki a kasuwa.

Gwajin bana ya matso, sai ga ƙurji a idon sawunsa, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo. Na kira Malam Tanko wanzami, abokina tun muna yara. Ya duba ya ce kurkunu ne, ya tambayi ruwan da yaron yake sha. Na sunkuyar da kai.

Ya ɗaure kan abin a ɗan kara, ya ce kullum zai zo ya naɗe kaɗan, iyakar abin da ya fito da kansa. Sannan ya nuna ni da askarsa.

"Bulus, na san hannunka. In ka ja ya katse a ciki, ƙafar nan za ta kumbura kamar turmi. Wani ma ba ya ƙara miƙe ta."

'Yan'uwa, ban taɓa ganin abu mai nawa irin wannan ba. Ranar gwaji tana gudu, kurkunu yana rarrafe. Auta yana kwance a tabarma, ƙirjin da muka sha wuya a kansa yana ta zubewa. Abinci ya daina wuce mini. An kuma ce wanda ya faɗi sau biyu ba a sake duba shi.

Ana gobe gwaji, da la'asar, sauran abin yana ciki. Auta ya miƙo mini ƙafar, idonsa jawur.

"Baba, ja kawai. In ya katse, ya katse."

Na kama karan. Na ji abin ya miƙe tsakanin yatsuna kamar zaren ɗinki, na kuwa san yadda zare yake yi in ya kusa katsewa. Ƙafar ɗana ce a hannuna, ga gwaji gobe kuma. Ban iya doguwar addu'a irin ta dattawan coci ba. Abin da ya fito mini ke nan: "Yesu, riƙe mini hannun nan, ni ba zan iya riƙe shi ba."

Sai na ga yatsuna sun saki. Don kada su sake shawara, na cusa hannuwan a ƙarƙashina na zauna a kansu, ina kuka, tsofai-tsofai da ni. Na ce wa Auta ko kaki ko babu, da ƙafa biyu nake son sa. Ya juya fuskarsa bango.

Da sassafe Malam Tanko ya zo. Ya zuba ruwan sanyi, ya murza karan a hankali, ya sake murzawa, sai ga jelar ta sulluɓo. Duka ya fito, ko ɗigo bai saura ba! Ya ce Alhamdu lillahi, na ce Halleluya, muka rungumi juna.

Aka ɗaure wurin da tsumma mai tsabta. Auta ya yi gudunsa yana ɗingishi, tsumman ya yi ja. Kusan kowa ya wuce shi, amma ya kai kafin a busa usur. Da aka zo awo, igiyar ta cika. Saje ya tambayi wanda ya hore shi, Auta ya nuna ni, ni kuwa na laɓe bayan mai rake.

Yanzu yana Kaduna wajen horo. Karan nan yana soke a azarar ɗakina, wanda yake son gani ya zo. Na gode wa Ubangiji da ya ceci ƙafar ɗana daga kurkunu, ya kuma cece ta daga ubansa. In abu ya ƙi fitowa da sauri a gidanku, ku kira Yesu, ku zauna a kan hannuwanku. Amin.