Kwana Shida da Gero Ya Yi Yana Jirana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke ɓoye. Sunana Iliya. Shaidata ba mai daɗin ji ba ce, amma ku yi haƙuri ku ji ta.

A shekarar fari ina aiki a biron, wato ofishin, wata ƙungiyar agaji a nan Damagaram. Mun bi ƙauyukan Hamdara da Gidimuni gida-gida, muna rubuta magidanta da yawan bakunan da suke ciyarwa. Muka shigar da komai cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa ɗaya, ni ke riƙe da ita. Takardun hannu aka jibge a magaza, ɗakin ajiya, gara ta gama da su.

Aikina ne in yi kwafin rajistar duk Juma'a. Ban yi ba. Kafin la'asar nakan sulale mashaya. Ran Litinin shugabarmu, Madam Hadiza, za ta ce, “Iliya, ka yi kwafi?” In ce, “Na yi, Madam.” Da bakin da nake waƙa a majami'a ran Lahadi!

Ana gobe rabon gero, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Na'ura ta ƙi tashi. Madam ta ce in ɗauko kwafi. Na ce yana da 'yar matsala, ta ba ni kwana biyu. Ga kamiyoyi, manyan motocin kaya, an yi musu lodi, amma doka ce, ba lista ba rabo.

Kwana biyu suka zama huɗu. Ina rufe ƙofa in zauna gaban matacciyar na'ura, tsoro ya hana ni ko kwance ta.

Rana ta huɗu wani dattijo daga Hamdara, Malam Idi, ya iso biro, ƙafafunsa duk faso. Ya gane ni.

“Ɗana, ai kai ka rubuta mu. Matanmu na tonon gidan tururuwa don neman hatsi, yara 'ya'yan anza masu ɗaci suke ci. An ce sunayenmu sun mutu cikin inji. Gaskiya ne?”



Da ya fita na durƙusa a ƙasa, tsakar rana. Na ce, “Ubangiji, kwana huɗu ina roƙon ka rufa mini asiri. Na daina. Ka tona ni, amma ka ciyar da su.” Na yi kuka har muryata ta dushe. Na tashi na nufi wurin Madam na gaya mata babu kwafi, ba a taɓa yi ba.

Ta ce, “Da ran farko ka faɗa, Iliya.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ta aika aka kira Alhaji Sani, wani Bakano mai gyaran na'urori a kasuwa. Ya kwance ta, ya duba, ya ce, “Faifai biyu ne a ciki. Wanda ya ƙone na manhaja ne. Mai ɗauke da sunayenku lafiyarsa lau.”

'Yan'uwa, suna nan! Tun ranar farko suna nan!

Nan da nan na fara yin kwafinsu. Muka sa sabon faifai, na ɗora manhaja, na nuna mata inda tsofaffin bayanan suke. Ta ƙi karɓa, domin ba irin ta da ba ce. Sai washegari Alhaji ya samo daidai. Na sake haɗawa, sunaye suka fito, ba wanda ya ɓace. Halleluya!

Rana ta shida muka isa Hamdara. Ni na kira sunaye. Na ce, “Malam Idi, mutum tara.”

Ya ce, “Takwas, ɗana. Jiya muka rufe jikata.”

Bai zage ni ba. Ya ɗauki buhunsa ya yi godiya. Da ma ya zage ni!

An sallame ni daga aiki, kuma daidai ne. Tun daga ranar giya ba ta sake shiga bakina ba. Ban san ko gero zai ceci yarinyar ba da ya zo da wuri. Na tambayi Ubangiji sau da yawa, bai ba ni amsa ba tukuna. Amma ya gafarta mini, ya ciyar da sauran ta hannun maƙaryaci.

Na gode wa Yesu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da kake rufewa, kada ka kai rana ta huɗu. Ka dogara gare shi, ka faɗa yau. Amin.