Motar Kwana a Bayan Garke

A ɗakin jira na dillalin motocin kwana, irin masu ɗaki a ciki, da ke bakin garin Herning na ji su, wani dattijo mai kaushin hannu da wata mata mai jar hula.

"Sabuwa ka zo ɗauka?" in ji matar.

"Sabuwa fil. Har da gado da murhu."

"To kar ka bari su yi maka sauri. Su kunna gas a gabanka, ka zaro tankin bayi da hannunka. Kwanan farko kuma kusa da gida ake yi, ko wani abu zai yi yoyo."

"Mai sauƙi. A bayan garke zan kwana, da asuba akwai tatsa."

"Au, shanu gare ka? To bawan Allah, yaushe tafiyar?"

"Da zarar 'yata Solvej ta dawo daga birni ta karɓi gonar. Arewacin Norway na nufa. In ga ranar nan da ba ta faɗuwa, in yi barci sai na gaji don kaina."

"Ta ce za ta dawo?"

"Ta ce za ta duba."

Dillalin ya leƙo da makullai, dattijon ya miƙe.

"Kafin gas ɗin," in ji matar a hankali, "su fara nuna maka yadda ake tsiyaye ruwan tanki in mota za ta daɗe a ajiye. In ruwa ya daskare da sanyi, yana fasa bututu."