Takalman Kwamitin Jaje

Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Kiwon Kajin Nama, mai girma Mataimakinsa, iyayenmu 'yan Kwamitin Jaje da ke zaune a sahun gaba, dillalan 'yan tsaki, masu sayar da abincin kaji, da sauran jama'a da suka zo jin yadda aka yanka ta tashi, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka gayyato ni daga ɗakin gwaje-gwaje, ina kuma godiya da kujerar da aka ba ni, duk da ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. An shaida mini cewa da na sauka za ku kaɗa ƙuri'ar korar ɗan'uwanku da kuke kira Baƙo, wancan da ke tsaye a bakin ƙofa, bisa zargin shi ya kawo muku murar da ke kashe kajinku. Idan kun kore shi, dillali ba zai ba shi tsaki ba, mai saye ba zai taka gonarsa ba. To, ga abin da muka gano.

Na farko, yadda muka yi aikin. Mun bi gonakinku, mun zura auduga a maƙogwaron kaji, mun kai wa na'urar da ke neman ƙwayar cuta ta hanyar ƙwayoyin halittarta. Na'urar nan ba ta san shugaba ba, ba ta san baƙo ba, ba ta da suruki a ƙungiya. Ta ce bairos ne mai kama hanyar numfashi, shi ne ke sa kaza tari da minshari da hawaye.

Na biyu, mun karanta asalinsa. Hausawa suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma bairos ɗa ne mai biyayya, sai dai yana hayayyafa yana ɗan sauya kama, sauyin kuma yana bin jikoki. Da wannan muke gane wa ya haifi wa. Na gonar Shugaba shi ne kaka. Na gonar Mataimaki ɗansa ne. Na gonar Hajiya Ma'aji jika ne, tubarkalla, kamar an tsaga kara.

Da na ga haka sai na tambayi Sakatare, me ya haɗa gonakin nan a jere? Ya ce, "Likita, ai mu ba ma barin ɗan'uwa shi kaɗai. Duk wanda kajinsa suka mutu, kwamiti zai je har cikin ɗakin kajin, a ga gawa, a ɗaga ta, a jajanta. In mun fito sai mu biya ta gonar maƙwabcinsa mu duba ko nasa lafiya." Na ce, ruwan maganin da ake tsoma takalmi a bakin ƙofa fa? Ya ce, "Haba Likita, wa zai ce wa dattijo ya tsoma ƙafa? Tsallakewa suke yi."

Jama'a, zumunci a ƙafa yake, wannan gaskiya ne. Ban taɓa ganin ƙungiya mai zumunci irin taku ba, kuma wallahi abin ya ba ni tausayi, don da zuciya ɗaya kuka yi.

Na uku, gonar Baƙo. Kajinsa sun yi tari, haka ne, amma garin katakon da ya shimfiɗa musu ne ya jiƙe yana wari. Mun gwada, mun sake gwadawa, babu bairos ko ɗaya. Tun da kuka fara zarginsa ba wanda ya je masa jaje, ba wanda ya je duba shi, ko sallama ba a yi masa. Gonarsa kaɗai ce mai lafiya a cikinku.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya riƙa jaje ta waya. Ƙuri'a kuwa taku ce, ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Amma na ga wasu sun fara waiwaya ƙofa, na kuma ji Shugaba yana raɗa cewa gobe za a ɗunguma gonar Baƙo a ba shi haƙuri. Ranka ya daɗe, don girman Allah kada ku je. Ga shi nan tsaye, ku ba shi a nan, ku kuma ba shi kujera.

Allah Ya raya abin da ya rage, Ya mayar da alherin abin da aka rasa, Ya kai kowa gidansa lafiya ba tare da ya biya ta gonar kowa ba.

Na gode.